Fansar Ɗan Mai Haƙar Rijiya

Da sunan Wanda ya halicci harshe ya ba shi motsi, ya halicci kunne ya bar shi ba marufi. Ku matso, ku gyara zama, ku ji abin da ya same ni. Ni ne Tunau ɗan Nomau, mutumin Kandarma ta ƙasar Turmaza, wadda ke bayan duwatsu bakwai, inda rana ke fitowa ja ta faɗi shuɗiya. Na taka ƙasashen da fatake ba su san sunansu ba, na ƙetare ruwan da jirgi ke tsoro, na ga abubuwan da in na faɗa za ku dubi juna. Amma ba dukiya na fita nema ba, ba kuma ilimi ba, ko da yake na samo ilimin. Na fita ne don in hallaka mutum ɗaya.

Ubana mai haƙar rijiya ne. Ba shi da yawan magana. In ya kwanta ya ɗora kunnensa a ƙasa, yakan tashi ya ce ruwa na gaba ashirin, a haƙa kuma a same shi a gaba ashirin. Uwata ta rasu tun ina goye, shi ya raine ni a bakin ramuka. Shekara huɗu ya yi yana fasa dutse a tsakiyar gari, shi a ƙasa, ni a sama ina jan guga. Ranar da ruwa ya ɓullo, matan Kandarma suka yi guɗa har muryoyinsu suka dushe.

A daminar da ta biyo baya ciwon ciki ya shigo gari. Yara ya fi kamawa. Gida ɗaya sai a fitar da gawa biyu a yini, mutane suka rasa inda za su sa kansu.

A kasuwarmu akwai wani dillali mai suna Hambali, kyakkyawa, mai zaƙin baki. Babu muryar da ba ya iya kwaikwaya: ta liman, ta mai unguwa, ta tsohuwa mai tallar kuka. In ya fara, ciniki yakan tsaya. Wata ranar kasuwa muka zo wucewa, ubana da igiya a kafaɗa, sai Hambali ya ranƙwafa ya kwaikwayi tafiyarsa, ya ɗora kunne a kan buhun gero kamar mai sauraren ruwa. Aka yi dariya, irin ta mutanen da suka daɗe ba su yi ba. Daɗinta ya ɗebe shi, ya ɗaga murya ya ce, "Ku tambayi Nomau abin da ya binne a gindin sabuwar rijiya. Ga ɗansa nan ƙato, ko ciwon kai bai yi ba."

Aka sake dariya. Ubana ma ya yi murmushi, muka wuce.

Maganar ta shiga gidajen makoki, ta fito ba dariya a jikinta. Wata ta ce ta taɓa ganin Nomau ya sauka rijiyar da ƙunshi. Wani ya ce ƙunshin motsi yake yi. Kafin kwana biyar an ce jariri ne, ya ba aljanun dutse don su sakar masa ruwa, yanzu kuma sun dawo neman ƙari. Waɗanda suka yi masa guɗa, su suka zo da duwatsu. Suka ɗaure shi a jikin turke, suka cike rijiyar a gaban idonsa, tun daga hantsi har la'asar. Sa'an nan suka kore mu.

Tun daga ranar ubana bai sake furta kalma ba. Kwana arba'in muna yawo, duk ƙauyen da muka isa labarin ya riga mu, ko ruwan sha sai an zuba mana a ƙasan ƙwarya daga nesa. Ya rasu a gindin wata gawo. Na haƙa masa kabari da daginsa, na ɗauki dagin na koma Kandarma a ɓoye don in soka wa Hambali. Sai na tarar ya bi ayari gabas, wai garin ya yi masa kaɗan.

Na zauna a kan tulin duwatsun da suka rufe rijiyar, na yi tunani mai tsawo. Dagi sau ɗaya zai shiga, Hambali ya huta. Ubana kuwa kwana arba'in ya yi yana mutuwa. Nan na rantse cewa da abin da ya kashe ubana zan kashe shi, a gaban jama'a, suna kallo suna jin daɗi. Na jefar da dagin na nufi gabas.

Na shiga ayarin wani madugu mai suna Cindo, ina jan raƙumi. Bayan wata uku muka iso Mashigin Raɗa. Wani tsagi ne tsakanin duwatsu biyu masu tsawon da tsuntsu ke gajiya kafin ya kai ƙolinsu, a samansu kuma manyan falalen duwatsu na rataye kamar da tsinke aka tokare su. Ƙara kaɗan ke sauko da su. Kafin a shiga akan ɗaure bakin raƙuma, a naɗe musu ƙafafu da tsumma, a cire ƙararrawa. Yini uku ake yi a ciki, ba mai magana sai da raɗa.

A cikin ayarin akwai wani dattijon falke, Barmo, mai fataucin kanwa. Rana ta biyu da tsaka ya matso kusa da ni ya raɗa mini, "Samari, ba kai ne ɗan Nomau na Kandarma ba? Ai ruwan rijiyar nan..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Wata da watanni ina ɗauke da wuta a ƙirji, duk wanda ya ambaci rijiyar gori nake ji. Na juya na zage shi da iyakar muryata, na haɗa da uwarsa da ubansa. Dutsen ya karɓi zagin ya maimaita shi sau bakwai, kowane ya fi wanda ya gabace shi ƙarfi, sa'an nan sama ta ruguzo mana.

Raƙumi goma sha ɗaya suka mutu. Barmo dutse ya danne masa ƙafa, sai da aka yanke ta daga gwiwa bayan mun fita. Da ya farfaɗo ya sa aka kira ni, na zo ina jiran tsinuwa. Sai ya ce abin da ya so ya faɗa shi ne ya sha ruwan rijiyar a shekarar da aka buɗe ta, bai taɓa shan mai daɗinsa ba, kuma bai taɓa yarda da abin da aka ce a kan Nomau ba. A duk yawona shi kaɗai na taɓa ji ya wanke ubana, ni kuma na raba shi da ƙafarsa.

Fatake suka so su kashe ni. Madugu Cindo ya hana, ya ba ni salkar ruwa da ƙunshin dabino, ya nuna mini hanyar arewa. Ya ce a Birnin Malkata na bakin teku akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa, da ke koya wa mutane riƙon baki. In na rayu in je gare ta, in kuwa ba zan je ba, kada in sake shiga cikin mutane.

Na yi kukan Barmo, ba zan ɓoye ba. Amma ko a cikin kukan wani tunani na zaune a raina. In zagin wauta ya sauko da dutse, kalmar da aka zaɓa aka auna me za ta sauko da shi?

Kwana tara ina tafiya ni kaɗai har na iso Kogin Baƙin Ruwa, wanda ke gudu da duwatsu yadda namu ke gudu da kara. Gada ɗaya ce a kansa, ƙashin bayan wani kifi da ya mutu tun zamanin farko. Ƙattai biyu ke gadinta, wa da ƙane. Garje, babban, yana wannan baki, Tumbi, ƙaramin, yana wancan, kowannensu in ya zauna kansa ya kai tsawon giginya. Shekara talatin ba su yi wa juna magana ba, a kan wata tukunya da uwarsu ta bari, wadda Garje ya riƙe. Duk matafiyin da suka kama sai ya zama ɗan aikensu, yana kai saƙo daga wannan baki zuwa wancan, har ranar da saƙon zai fusata ɗayansu ya murƙushe shi. Na ga ƙasusuwan waɗanda suka riga ni a ƙarƙashin gadar.

Garje ya ɗauke ni da yatsa biyu ya dire ni a kan gadar. Ya ce in je in gaya wa wancan ragon mai warin baki hayaƙin wutarsa na shiga masa ido.

Gadar doguwa ce, tsawonta kuwa ya ba ni lokacin tunani. Da na isa na durƙusa na ce wa Tumbi yayansa ya ga hayaƙinsa, ya ce ashe yana nan lafiya, sai dai iska na kai masa shi a ido. Tumbi ya dube ni ya daɗe. Sa'an nan ya miƙa ƙafa ya ture wutar gefe, ya ce in gaya wa tsohon makwaɗaicin can idon nasa ya tsiyaye. Na koma na ce wa Garje ƙanensa ya kawar da wutar, yana kuma tambayar yadda idon yake.

Haka na yi ta yi wata biyu, ina karɓar ƙaya ina kai auduga. Abin da ban zata ba, sai zagin ya fara raguwa da kansa. Wanda aka kai wa magana mai laushi yakan mayar da wadda ba ta kai ta jiya kaifi ba, har ya zama ba sai na gyara komai ba. Wata rana Garje ya ɗora mini cinyar ɓauna in kai wa ƙanensa. Tumbi ya ci yana share ido. Da ya gama ya ce in gaya wa yayansa ya zo tsakiyar gada jibi da tukunyar, su yi girki tare kamar yadda uwarsu ke yi. Sai ya dube ni ya yi dariya, ya ce ai naman ma ba sai an je farauta ba, in sun shirya me za su yi da ɗan aike.

Na taka gadar a hankali fiye da kullum. Da na isa na faɗi saƙon daidai yadda aka ba ni, ban rage komai ba, gaɓa ɗaya kawai na ƙara. Na ce, "Ƙanenka ya ce ka zo tsakiyar gada jibi da tukunyarsa, ku yi girki tare kamar yadda uwarku ke yi."

Garje ya ce, "Tukunyar wa?"

Na ce, "Haka na ji ya faɗa, ranka ya daɗe."

Bai jira jibi ba. Ya tumɓuke wata bishiyar ƙirya ya hau gadar yana ruri, Tumbi ya ji rurin ya taso da tasa. Ni kuwa na bi ta cikin haƙarƙarin kifin, ƙarƙashin ƙafafunsu, ina gudu ƙashi na girgiza. Ina taka wancan baki gadar ta karye. Na waiwaya na ga su biyun sun faɗa ruwa, kowa na shaƙe da wuyan ɗan'uwansa, kogi ya tafi da su. Abin da na gina wata biyu, gaɓa ɗaya ta rushe shi kafin inuwa ta gusa. Na zauna a bakin ruwan ina haki, ina kuma murna irin ta maharbin da ya gwada sabuwar kibiya ta ci.

Na isa Malkata na tarar da Inna Tabawa a ƙofar kasuwa tana sayar da daddawa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma matuƙan jirgi da attajirai a gabanta suke durƙusawa in rigima ta haɗa su, su tashi suna musabaha. Na ce mata riƙon baki na zo koya. Ta nuna mini wani turmi da aka kife kusa da ita, ta ce in zauna, kada in yi magana daga buɗe kasuwa har tashinta, sai shekara ta zagayo.

Kullum in kasuwa ta tashi takan tambaye ni. Mai jan zanen nan me ta zo saye? In ce daddawa. Ta ce a'a, ta zo ne a tambaye ta jikin ɗanta, ban ga ta ambaci kowa na gidansu ba sai shi ta tsallake? Ta koya mini jin inda murya ke tuntuɓe, da kalmar da mutum ke kewayewa, da abin da hannu ke yi lokacin da baki ke faɗin wani abu dabam. Takan ce kowane mutum na da wurin da in an taɓa zai yi ƙara, a san wurin don a kauce masa. Ni kuwa don in taka shi nake koyon saninsa.

Bayan shekarar ta buɗe mini baki, na ƙara shekara shida ina taya ta sulhu. Na iya, har wasu kan neme ni in ba ta nan. Wata rana wasu matuƙa suka tsaya sayen daddawa suna hirar tsibirin Zandaru, suna yabon mai magana da yawun sarkin can, wanda suke kira Bakin Sarki, wani baƙo daga yamma mai suna Hambali, wanda in ya yi magana ko mai laifi sai ya ji sanyi. Ban ko ɗaga kai ba. Da suka tafi Inna ta ce, "Tunau, shekara bakwai kana sauraren mutane, ni kuma ina sauraronka. Shirunka ba na mai koyo ba ne, ɗana, na mai wasa wuƙa ne."

Ta nemi in ƙara shekara ɗaya tare da ita. Na durƙusa na ce ta sa mini albarka, jirgi gobe zai tashi. Ta ce guzuri za ta ba ni, albarka kuwa ba za ta sa wa tafiyar da ta san ƙarshenta ba. Ta ƙulla mini daddawa da busasshen kifi, ta juya ta ci gaba da ciniki.

Kwana arba'in muka yi a teku. Zandaru birni ne a kan farin dutse, gidajensa da ƙwaryar dodon koɗi aka gina su, in rana ta haska sai matuƙi ya rufe ido. Sarkinsu Dargaza ba wanda ya taɓa jin muryarsa. Yakan zauna a kan karaga mai matakala tara, ya raɗa wa Bakin Sarki a kunne, shi kuma ya sanar. Mutanen garin suna cewa muryar sarkinsu ta fi ƙarfin kunnen talaka.

Na ga Hambali a matakala ta takwas. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa, yana da mata da 'ya'ya mata uku. Kowa na son sa. An ce yakan sassauta hukunci kafin ya fito da shi, yakan san sunan mai ƙara ya gaishe shi. Da na tarar da shi azzalumi da ya fi mini sauƙi. Ganin ya zama mutumin kirki a kan kabarin ubana ya ƙara mini wuta.

Wata huɗu ina zuwa zaman fada, ina tsayawa can baya cikin talakawa. Ba Hambali nake kallo ba, sarkin nake kallo. Na lura raɗarsa doguwa ce, abin da ake sanarwa kuma gajere. Na lura kafin leɓensa ya buɗe sai muƙamuƙinsa ya cije, jijiyar wuyansa ta tashi, ya bugi gwiwarsa sau uku ta ƙarƙashin alkyabba. Daga nan na gane. Sarki Dargaza i'ina gare shi, mai tsanani, karagar da matakalar da Bakin Sarkin duk don a rufe wannan aka yi su. Mutum biyu kawai ke kaɗaita da shi, Hambali da wani tsohon wanzami, Sarkin Aska Jatau, wanda ke yi masa aski tun yana yaro, yana kuma son sa kamar ɗan cikinsa.

Na je gidan Hambali sau ɗaya cikin masu gaisuwa, don masu tsaron ƙofa su shaida fuskata. Ya miƙo mini hannu, ya tambayi gajiyar hanya, bai gane ni ba. Sa'an nan na mayar da kaina wajen Jatau, duk mako ina zuwa aski, ina sauraren hirarsa ba na ƙara komai. A mako na bakwai ya tambaye ni garinmu. Na ce Kandarma, gari ɗaya da Bakin Sarki. Ya ji daɗi, ya ce in ba shi labarin ƙuruciyarsa. Na faɗa masa gaskiya tsantsa, cewa a ƙasarmu ba a taɓa yin gwanin kwaikwayon murya kamarsa ba. Tsohon yana dariya yana aski.

Sai na ce, "Har yanzu bai manta ba, Baba. Rannan da na je gaishe shi ya yi mana wata murya, ta wani mai cewa k-k-k-ku kawo shi, yana bugun gwiwa sau uku. Mun yi dariya har da hawaye. Ban dai san ko wa yake kwaikwaya ba."

Askar ta tsaya a tsakiyar kaina. Can ya ƙarasa askin, ya yanke ni a bayan kunne bai sani ba.

Jatau ya kai maganar kunnen sarki, bayan kwana uku aka kama Hambali. Ba a faɗi laifinsa ba, alƙali ya dai karanta cewa ya ci amanar kunnen sarki. Sauran bayanin kuwa, mutanen gari suka cike shi da kansu. Wasu suka ce ya sayar da asirin tsibiri ga maƙiya, wasu suka ce hukuncin da yake sanarwa ba na sarki ba ne, nasa ne. Waɗanda jiya suke yabonsa su suka bi shi da hanjin kifi lokacin da ake jan sa a titi. Na tsaya a bakin hanya na kalla daga farko har ƙarshe. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya yi mini daɗi. Ranar na ci abinci har na ƙoshi, abin da na daɗe ban yi ba.

Dokar Zandaru ita ce, in mai irin wannan laifi ya amsa, shi kaɗai za a kai Tsibirin Kurame. In ya musa aka ƙi yarda da shi, da shi da iyalinsa duka. Tsibirin nan kogunan dutse ne da teku ke ruri a cikinsu ba tsayawa, duk wanda ya yi wata ɗaya a can kunnensa ya mutu, ba kuma a dawowa.

Da safiyar ranar hukunci na roƙi masu gadi su bar ni in ga ɗan garinmu. Na tarar da shi zaune da mari a ƙafa. Na gaya masa ni ne na yi masa wannan, na kuma faɗa masa yadda na yi. Sa'an nan na tuna masa kasuwar Kandarma, da buhun gero, da mutumin da ya wuce da igiya a kafaɗa.

Ya haɗa gira yana neman abin a ransa, ba da wasa ba. Ya ce, "Na tuna shekarar ciwon. Na tuna an cike wata rijiya. Amma samari, ni me na ce?"

Na maimaita masa kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda nake bita kowace safiya shekara takwas, sunan ubana kaɗai na tsallake. Na faɗa masa turken, da kwana arba'in, da gindin gawo. Ya sunkuyar da kai. Can ya ce a hankali, wasa ne ke nan, a lokacin a rana yakan yi irinsa ashirin. Ya tambaye ni sunan ubana. Na ce ya tuno da kansa. Ya gwada suna uku, babu wanda ya dace. Na shigo don in ga yana roƙo, na fita da fushin da ya fi wanda na shigo da shi.

A fada aka ba shi damar maganar ƙarshe. Nan gabana ya faɗi, don duk tsibirin ba mai bakinsa, ga shi kuma ya san ni. Amma na riga na toshe masa hanya. In ya ce ni baƙon da idona na gano i'inar, to ya faɗa wa sarki a bainar jama'a cewa abin da yake ɓoyewa kowa na iya gani, wannan kuwa sarki ba zai taɓa yarda da shi ba. Hambali ya miƙe tsaye. Ya dubi matarsa da 'ya'yansa a gefe, ya dube ni, ya dubi karaga.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da aka ce na yi, na yi. Ni kaɗai na yi, iyalina ba su sani ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, mutumin da yakan yi rabin yini yana magana ba a gaji ba.

Da tsakar rana aka kai shi bakin jirgi. Ina cikin taron. Da suka zo daidai inda nake ya roƙi masu gadi su tsaya, suka tsaya. Ya ce, "Ɗan garinmu, inda za ni ba zan sake jin muryar kowa ba. Ka faɗa mini sunansa in tafi da shi. In riƙa nema masa gafara da sunansa, ko ni ma na samu."

Sunan na kan harshena, gaɓa biyu ne kawai. Na dubi fuskarsa na saurare shi yadda aka koya mini, na ji babu dabara a cikin roƙon, na kuma gane wannan ne abu na ƙarshe da zai sauƙaƙa masa zaman can. Na auna, na sake aunawa. Na rufe bakina.

Suka ja shi suka hau. Jirgin ya saki igiya. Bai dubi matarsa ba, bai dubi birnin ba, leɓena yake kallo, ko za su motsa, har ruwa ya shiga tsakaninmu fuskarsa ta zama ɗigo.

Washegari Jatau ya aiko mini cewa in bar tsibirin a jirgi na gaba, kada kuma in sake yin muryar nan a ko'ina. Na tafi. Na zauna a garuruwa da yawa bayan haka, na tsufa a wannan da kuke gani, inda kuke kawo mini rigimarku in raba. Wannan ita ce hikayata, ban ƙara mata gishiri ba, ban kuma wanke kaina a cikinta ba.

Abu ɗaya ya rage. Akwai jirgin da ke kai hatsi Tsibirin Kurame sau ɗaya a shekara, farkon bazara, yana kuma karɓar wasiƙa. Matuƙansa sun gaya mini akwai wani tsoho a can da ke fitowa bakin ruwa duk zuwansu, ya tsaya yana duba hannuwansu. Shekara talatin ke nan na san ranar tashin jirgin. Ina da tawada, ina da takarda. Ban rubuta ba.